Kwatan Inci a Makera

Makera, Kaduna ta Kudu
15 ga Afrilu, 1985

Zuwa ga ɗana Wilson, Ofishin Ilimi, Katsina.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya Irene da yara? Ni ne Yakubu Tagwai, wanda ya koya maka riƙon sufana a masaƙa kafin ka tafi karatun injiniya. Ni ke faɗa, jikata Judith ke rubutawa, don har yau ban san baƙi ba.

Bara, a makon da aka canza kuɗi mutane suka yi ta yini a layin banki, tirela ta sauke akwatuna huɗu a makarantar su Judith. Injinan koyon fasaha ne, babbansu na sassaƙa ƙarfe. Shekara guda ke nan suna ƙarƙashin mangwaro, tamfol ya yage, ga damina ta kawo kai. Na sa hanci a tsagin katako, na ji warin tsatsa.

Yaran nan shekara uku suna karatun inji a allo. Judith ta haddace yadda sanda ke ɗaga nauyi kamar addu'ar Ubanmu, amma da na ba ta bututu na ce ta motsa dutsen ƙofar gida, sai ta tsaya tana kallona. Ran uku ga Yuni masu dubawa za su zo. In ba su ga inji yana juyawa ba, babu jarrabawar aikin hannu, babu shiga makarantar fasaha. Ubanta Ishaku, tun da aka sallame shi daga masaƙa, ya rantse in ba ta samu ba, tuyar ƙosai za ta koma a bakin get ɗin masaƙa tare da uwarta.

Na je wurin shugabar makaranta, Madam Scholastica. Ta ce, "Baba, ina satifiket ɗinka?" Na shimfiɗa mata hannuwana a tebur. Ta ce hannu ba ya shiga fayil, sai injiniyan gwamnati ne zai buɗe akwati.

Ni da na kafa injinan masaƙar Kakuri tun ana noma dawa a wurin! Ni da Ayuba Ɗan Kagoro da Albert mai yatsa tara da Benson Gajere, duk sun kwanta dama, saura ni. Wilson, ban taɓa roƙonka komai ba. Yau na roƙa.

Ka huta lafiya. Naka,
Yakubu Tagwai


Katsina
26 ga Afrilu, 1985

Baba,

Bayan gaisuwa da ladabi, na sami takardarka, kuma ta taɓa mini rai.

Ka san zamanin da muke ciki na soja. Wanda ya taɓa kayan gwamnati ba izini, ba kora kaɗai zai sha ba. Injiniyoyi uku ne mu a kan makarantu masu yawa, kuma layi bai zo kan taku ba. Ina neman hanya, amma ban yi alkawari ba.

Sai dai doka ba ta hana a zuba kankaren da inji zai zauna a kai ba. Ku fara wannan, tun da yana son kwanaki kafin ya yi ƙwari. A jikin babban akwatin akwai takarda cikin leda mai zanen ƙafafun injin da tazarar ramukansu. A bi ta daidai, Baba. Na maimaita: a bi takardar.

A gaida Judith, ta riƙe karatu.

Ɗanka mai biyayya,
Wilson


Makera
6 ga Mayu, 1985

Ɗana Wilson,

Gaisuwa da fatan alheri. An zuba kankare! Zumuntar mata ta coci ta kawo siminti, iyaye suka ɗebo yashi daga bakin kogi, har Hajiya Hauwa mai abinci ta aiko da tsakuwa baro biyu. Na dasa noti huɗu masu kauri a ciki, sun tsaya kamar soja.

Mun ɗan yi sa-in-sa da wannan mai rubutun. Ta ciro takardarka, ta ce zanen ya ce milimita ɗari huɗu tsakanin noti da noti. Na ce, "A bakin mutane, inci nawa ke nan?" Ta yi lissafi a ƙasa da tsinke, ta ce inci sha shida ba kwata. Na yi dariya har na yi tari. Na ce, "Uwar masu boko, Bature ba ya ƙera inji da ba kwata. Irin wannan inji a kan sha shida cif yake zama. Na kafa bakwai da hannuna tun uwarki tana goye." Ta ce, "Kaka, wannan ba na Ingila ba ne." Na ce ƙarfe ba shi da ƙabila. Na auna da rulata ta tagulla, wadda ka sani.

Ka ga lahanin karatun allo ke nan, yana sa ƙwai ya yi wa kaza wayo. Na ce ta rubuta haka, ta rubuta.

Saura izini. Ruwa ya sauka sau biyu a makon nan. Ka hanzarta don Allah.

Naka,
Yakubu Tagwai

(Kawu, ni ce Judith. Na sake lissafin sau uku.)


Katsina
14 ga Mayu, 1985

Baba,

Ina gaisuwa. Ga takardar izini a haɗe. Ba zan sami zuwa ba, don haka na rubuta cewa kai wakilina ne, na sa hannu. In inji ya lalace, wuyana ne.

Amma wasiƙarka ta hana ni sukuni. Baba, yarinyar ce da gaskiya. Injinan nan daga gabashin Turai suka zo, can da milimita suke awo, ba su san inci ba. Kwatan inci a gona ba komai ba ne, a ƙafar inji kuwa tafiyar yini ce. Ina roƙonka kada ka lanƙwasa noti, kada ka faɗaɗa ramin injin. Ka sake aunawa kafin ka ɗaga komai.

Ka gafarce ni in na yi tsaurin ido.

Ɗanka,
Wilson


Makera
22 ga Mayu, 1985

Wilson,

Gaisuwa. Judith ta karanta mini takardarka duka, na ce ta izinin kawai nake so.

Jiya muka buɗe akwatin. Giris ya tsare injin, tsatsa ba ta ci ciki ba. Na sa yara suka jera bututu a ƙasa, Judith ta danna doguwar sanda ita kaɗai, inji mai nauyin bijimi biyu ya ɗaga. Ta yi ihu, "Kaka, ashe gaskiya ne!" Muka gangara da shi a gaban Madam da iyaye da Ishaku.

Noti biyu suka shiga. Biyu suka tsaya a gefen rami, suna kallona.

Wani ya ce a buga da guduma. Na ce wanda ya taɓa sai ya fara buge ni, don injin da aka zaunar da ƙarfi karkatacce yake yanka har ya mutu. Ishaku ya ce wa 'yarsa, "To, sai a nemo kasko." Ba ta yi kuka ba. Ba ta ce mini ai na faɗa ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Shekara talatin ina ɗauke da awon Kakuri a kaina, ban taɓa kuskure ba, sai a kan rabon jikata. Ni na ɓata. Ta ɗaga biro tana dubana, na ce ta rubuta: ni na ɓata.

Saura kwana goma sha biyu, kankare yana son goma. Ba ni da fuskar komawa wurin matan coci. Akwai siminti buhu biyu a ɗakina da na ajiye don shafe kabarin matata Talatu. Ta jira shekara uku, za ta ƙara. Da tana raye, ita ma jikarta za ta zaɓa.

Gobe da sassafe zan ɗauki guduma da cizal in fasa abin da na zuba. Rular tagulla tana gida. Judith za ta auna, ta faɗi lamba, ni in riƙe mata bakin tef ɗin awo.

Ka sa mu a addu'a.

Yakubu Tagwai