Farin tabo a fuskar Baba

Malam mai kamara,

Na fita kana barci. Ban tashe ka ba don kada in faɗi abin da zan yi da-na-sani. Na duba hotunan da ka ɗauko jiya a masaukin Baffa. Tir.

Abu ɗaya na aike ka: hoton marigayi Baba na cikin gilashi, wanda babu irinsa a duk dangi. Sau tara ka ɗauka, sau tara filashi na kunne. Wutar ta bugi gilashin ta dawo, ta zauna daidai kan fuskarsa. Hula ta fito, riga ta fito, har maɓallin wuya ana gani. Fuska kuwa fara fat, kamar an shafa alli. Ko dubawa ba ka yi ba?

Ban ce wutar ba ta da amfani ba. Ɗakin akwai duhu, amma kai da Baffa kun fito fes a wanda kuka ɗauka kusa-kusa, haƙoranka duk a waje. To, ba haƙoranka nake nema ba.

Baffa zai kama hanya da azahar, hoton na cikin jakarsa, kuma ka san sai an shekara ba a gan shi ba. Ka koma. Kashe filashin, kawo hoton bakin taga, ka ɗan karkace kada kai ma ka fito a gilashin.

Inna ta tambaya da safe, na ce kamarar ba caji. Kada ka kuskura ta ga mijinta babu fuska.

Yayarka