Kashin Tattabaru a Bayan Sito

Litinin, 3 ga Maris
Ƙanena Auta ya sake ajiye kwalayen sabulu a layin shinkafa. Karo na uku ke nan. Na yi masa tas a gaban ma'aikata, ya tsaya riƙe da kai yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Wai ciwon kai. Sati uku ana ciwon kai ɗaya! Shekarata goma sha ɗaya a wannan sito kafin a ba ni shugabancin masu lodi, ni na yi masa hanya ya zo, ba zai zubar min da mutunci ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Ina neman reza a jakarsa na ga ƙwayoyi cikin leda, babu kwali babu suna. Barci da rana, tangaɗi, magana a hargitse. To ga amsa. Ban tambaye shi ba. Na tura wa Inna saƙon murya, na ce ɗanki ya fara shaye-shaye. Ta saurara tare da matarsa.

Lahadi, 9 ga Maris
Ya ce in kashe fitila, hasken na sukar idonsa. Na ce ai mashayi ba ya son haske. Ya ce, "Yaya, wallahi..." sai amai.

Talata, 11 ga Maris
Ya faɗi a bakin ƙofar lodi. Dogo, mai tuƙa motar ɗaga kaya, shi ya sungume shi. Ni na tsaya da takardar lodi a hannu.

Laraba, 12 ga Maris
A asibiti sun naɗe shi kamar ɗan tayi, sun soka allura a gadon bayansa, sun ɗebi ruwan laka. Ruwa garau, kamar na famfo. Ni da nake jiran su ce ƙwaya ce.
Likitar ta ce sanƙarau ne, amma ba wanda muka sani ba. Fumfuna ce, dangin wadda ke fitowa a burodi, ta shiga ta numfashi ta kai ga ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Na miƙa mata ledar, har da gyara tsayuwa. Ta duba ta ce maganin kumburin gaɓoɓi ne, yana rage garkuwar jiki, shi ya buɗe wa cutar ƙofa. Ta ce, "Kai ɗan'uwansa ne, ba ka san yana sha ba?"
Ban sani ba. Ɗaki ɗaya muke kwana.

Juma'a, 14 ga Maris
Ta tambayi irin aikinsa, ko yana shiga ƙura, ko wajen tsuntsaye.
Rumfar bayan sito. Tattabaru sun shekara suna kashi a kan katakon, ya bushe ya yi tudu. A watan Janairu manaja ya ce a kankare. Kowa ya noƙe. Dokata ce tun da na hau: aikin da aka fi ƙi, nawa ne ke yi, don kada wani ya ce ina son kai. Na ba Auta shebur. Kwana huɗu yana ciki. Ya nemi takunkumi, na ce sun ƙare, alhali ƙyuya ce ta hana ni hawa ofis in karɓo.
Likitar ta ce ba za a iya rantsewa daga nan ne ba, abin yana cikin ƙasa ko'ina, yana iya daɗewa a jiki ma. Ta faɗa ne don in ji sanyi. Ban ji ba.

Asabar, 15 ga Maris
Inna ta kira sau biyar. Na rubuta mata "yana asibiti" kawai. Na san abin da za ta ɗauka, na bar ta a kai.

Laraba, 19 ga Maris
Maganin ruwa ne rawaya, ta jijiya. In ya shiga sai ya kama rawar sanyi har gadon na kaɗawa. Sun sake ɗibar ruwan bayan, wai don kan ya sassauta. Yau ya gane ni. Ya ce, "Shugaba da kansa? Wa ka bar wa masifar?" Na ce rufe min baki.
Na tambaye shi dalilin ɓoye maganin. Ya ce, "Da ka sani ai gida za ka mayar da ni, Yaya." Gaskiya ne. Da na mayar.
Sai ya ce me ya sa maman yara ba ta ɗaga wayarsa. Na ce layi ne ba kyau.

Alhamis, 20 ga Maris
Dogo ya ce, "Kai dai ba ka cutar kowa, sai naka." Yana dariya ya faɗa. Na ba shi aiki mai sauƙi yau, don kada ya ce na riƙe shi.

Lahadi, 23 ga Maris
Kunnensa na hagu ya yi nauyi, ba su san ko zai dawo ba. Zai sha magani wata da watanni.
Na zauna a matattakalar asibiti na ɗauki saƙo. Na farko duk bayanin fumfuna ne, na goge. Na biyu na ɗora wa manaja, na goge, mutumin bai hana takunkumi ba. Na uku gajere ne: "Inna, Auta bai taɓa shan komai ba. Ni na yi masa ƙazafi, ni kuma na sa shi aikin. A sa wa matarsa ta ji."
Inna ta saurara.
Da na koma ciki wayarsa na kunnen dama, yana cewa, "Ɗaga murya mana, maman yara." Na ɗauki kofinsa na fita wankewa. Ba datti a kofin.