Ɗakinka ya koma jikin awaki

Yaya Lawal,

Gaisuwar manya daga babban injiniyan Ƙofar Marusa zuwa gare ka, da Anti Binta, da yara, har maƙwabta. Ya Legas, ya jikin ɗanka Abba?

Ran Asabar na tahi ƙauye na zana sabon gidanmu da toka a hili, magini sai kallona yake. Sai Inna ta shimhiɗa tabarma daidai ɗakinka, ta ce nata ne, nan za ta riƙa ganin mai shigowa zaure. Wa zai tashe ta? Kai yanzu ka koma jikin turken awaki.

Amma ba a aza bulo ba, kuma tokar tana hannuna. A gaida kowa, a sa mu a addu'a. Ka aiko mani takalmi sau-ciki mai kyau, in matsar maka da awakin.

Ƙanenka, Salisu