Bidiyon Mama a Shafin Shago

Sabon Gari, Kano

Yaya Nehemiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Mercy, kuma aikin Fatakwal yana tafiya daidai. Allah ya ƙara wa ƙafarka sauƙi. Mu nan muna nan, ɗana Lucky ya koma makaranta. Sai dai akwai maganar da na kasa faɗa maka a waya, shi ya sa na rubuto.

Ka san 'yata Angel ta samu aiki a shagon gashi na Madam Chinenye, ita ke kula da shafin shagon a intanet. Yarinyar ta ba aikin ranta. Kullum tana duba mutum nawa suka kalli hoto, nawa suka yi sharhi, nawa suka tura wa wasu. Ta gane bidiyo ya fi hoto jan mutane, kuma in ta rufe da tambaya sai amsoshi su ƙaru. Duk da haka Madam ta ce shafin ya yi sanyi, in bai motsa ba, za ta nemi wata. Angel ta daina cin abinci sosai, ko a coci wayar tana hannunta.

Ka kuma san yadda mantuwa ta kama Mama. Wata ranar Asabar ina kasuwa, Angel ta ɗora mata jan gashin shagon don wasa. Mama ta kalli madubi, ta ce a kira Baba ya zo ya ga amaryarsa, ta tashi tana rawa tana kiran sunansa, mutumin da muka binne tun Angel tana goye. Angel ta ɗauki bidiyo, ta sa a shafi, ta rubuta a ƙasa wai a ba kakarta maki.

Yaya, dubban mutane sun kalla. Wasu sun sa albarka, amma yawanci dariya ce da baƙar magana wadda ba zan iya rubutawa ba. Matan zumunta na cocinmu ne suka nuna mini. Da na tsare Angel ta fashe da kuka, ta ce ita alƙaluman kawai take gani suna hawa, ba ta tuna mutane ne ba. Ta goge, amma wasu sun riga sun kwafa, har kiɗa suka sa masa. Madam ta ce a yi na biyu. Angel ta ƙi, aka sallame ta.

Ran Lahadi muna dawowa ta Fagge, wasu samari a bakin shagon caji suka gane Mama, suka bi mu suna kiran amarya suna ɗaga wayoyi. Mama ta riƙe zanena gam. Komai tana mantawa, amma wannan ya zauna mata. Ta ƙi fita ko ƙofar gida, tana ta tambayata laifin me ta yi wa mutanen gari.

Angel kuwa ta shige ɗaki, ba ta iya haɗa ido da kowa. Don Allah ka kira ta, amma kada ka yi faɗa, tsoro nake ji mata. In ka samu hutu ka zo. Jiya Mama ta ce a kira mata Nehemiya, shi ne zai kore su.

Ka gaida Anti Mercy, da David, da maƙwabcinku Boniface. Lucky yana gaisuwa.

Ƙanwarka,
Magret