Zauren Kaka Ya Tsira

Yaya Habiba,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya maigida da yara, ya ruwan Kumasi? Mu nan Tamale lafiya lau.

Albishirinki, zaurenmu ya tsira! Kawu Idrisu ya kawo magina su rushe shi, wai Gana ta samu 'yanci, yanzu sai bulo da kwano. Diga na ɓantare yaɓe a jikin bakan ginin nan da ke riƙe da azarar rufi, sai ga rubutun ajami: sunan Kaka, da shekarar da ya zo daga Kano ya gina shi. Kawu ya karanta, ya share hawaye, ya ce, "Ku ajiye diga, ku kwaɓo ƙasa."

Ki taya mu addu'a mu gama gyara kafin damina. Ki gaida Inna Rabi, ki ce ta zo ta ga rubutun babanta.

Ƙanwarki,
Zainabu