Taliyar Garar Binta

Ƙofar Kuyambana, Zariya
14 ga Yuni, 1991

Zuwa ga ƙanena Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya iyali, ya zaman Fatakwal? Mu nan sai godiya.

Tun da aka sallame ni daga ofis, duk saƙonka hannun matata Hajara yake faɗawa, kamar gidan ba shi da maigida. Ni da na koya maka abacada. Buhun fulawar garar 'yarka Binta ma ita ka aiko wa.

Hajara ta tara maƙwabta suka wuni suna murza taliya da injin marigayiya Inna, suka shanya a kan igiyoyi har tsakar gida ta cika. Washegari za ta tafi suna Ƙofar Doka, ta ce, "Malam, in ka ga hadari, don Allah ka shigar min da ita ɗaki."

Na ce, "Mai fulawar ya zo ya kwashe."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

Ina zaure hadari ya haɗu. Na gan shi sarai, na yi zamana. Da zuciyata ta sauko na miƙe, ruwa ya riga ni. Duk taliyar ta narke ta zube cikin taɓo.

Hajara tana gaya wa mutane ba na gida a lokacin. Ina nan, Sani.

Ka yafe ni, ka sa ni a addu'a. Ka gaida Asabe da yara. Jiya aka kai garar Binta, babu taliya a ciki.

Yayanka,
Lawal