Gadon Hajja Yagana

Laraba, bayan isha'i

Alhamdulillahi. Wuyana ciwo yake saboda zaman kwamfuta, amma yau ban damu ba.

Hajja Yagana, wadda ambaliya ta lalata wa kayan ɗaki a Old Maiduguri, ta zo shagon kafinta na Baba da hantsi. Kwana huɗu na yi ina zana gadonta da wadrob a kwamfuta, kowane katako da awonsa. Na san in ta ƙi, Baba ba zai ƙara barina in taɓa aikin kowa ba.

Na buɗe zanen, na jujjuya mata gadon, ta ga gabansa da bayansa har da ƙarƙashinsa. Ƙafafun na ƙarfe ne masu tsayi, durowoyin wadrob kuma na ɗaga su sama. Ta daɗe tana kallo.

"'Yata, ke nan ko ruwa ya sake shigowa, lafayoyina ba za su jiƙe ba?"

"In dai bai wuce gwiwa ba, Hajja."

Ta share ido ta ce, "Wushe, wushe, sannu da aiki. A yi mini shi haka, kada a canja ko ƙusa ɗaya."

Da ta tafi, Baba ya leƙo kwamfutar. "Fanta, tsawon ƙafar nan inci nawa kika sa?"

Na faɗa masa. Mutumin da ko awon ƙaninsa da suke aiki tare sai ya sake gwadawa, ya ciro fensir daga bayan kunne ya rubuta abin da na ce, bai ko nemi tef ba.